Rigar da aka ce tana kare muhalli: tambayoyi da amsoshi kan gane gaskiyar kamfanin tufafi

Yanzu da wuya ka buɗe shafin wani kamfanin tufafi na waje ba ka ga hoton koren ganye ba, ko wata 'yar takarda ruwan ƙasa rataye a wuyan riga, an rubuta cewa kayan ba sa cutar da muhalli. Masu saro kaya daga Turkiyya da Dubai da Sin suna cin karo da ita, haka 'yan uwanmu mazauna Turai da Amurka, haka masu sayayya ta waya. Ni a shagon tela na tashi, kuma na daɗe ina bin diddigin wannan magana. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta.

Wai me ake nufi idan an ce kamfanin tufafi mai ɗorewa ne?

Riga kafin ta hau jikinka ta yi zango da yawa. Ta faro daga gonar auduga ko daga rijiyar man fetur, aka gurje, aka kaɗa zare, aka saƙa, aka rina, aka yanka, aka ɗinka, sannan jirgi ya ɗauko ta. A kowane zango akwai abin da ake iya ɓatawa: ruwan kogi, ƙasar noma, iska, ko lafiyar wanda ke zaune a bakin keke. Kamfani mai ɗorewa shi ne wanda zai iya ci gaba da sana'arsa shekara hamsin nan gaba ba tare da ya cinye abin da sana'ar ke tsaye a kai ba. Da wannan ma'auni babu wanda hannunsa yake tas. Abin da mai saye ke nema shi ne wa ya fi dama-dama, kuma wa yake faɗin gaskiya game da inda ya gaza.

Idan an rubuta “eco” ko “green” a jikin kaya, hakan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, don kowa yana iya buga waɗannan kalmomi a kan duk abin da ya ga dama. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Hukumomin kare masu saye a Turai sun sha kama manyan kamfanoni a kan haka. A 2022 hukumar Holan ta binciki H&M da Decathlon saboda irin waɗannan kalamai marasa bayani; suka amince su gyara ko su cire, H&M ya bayar da yuro 500,000, Decathlon yuro 400,000 ga ayyukan muhalli. A wannan shekarar dai hukumar Birtaniya ta soma binciken ASOS da Boohoo da sashen tufafi na Asda, a 2024 duka ukun suka sa hannu cewa za su daina da'awar da ba su da hujjarta. A 2025 Italiya ta ci tarar Shein yuro miliyan 1 kan kalaman muhalli masu ruɗarwa. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2024 da ta hana amfani da irin waɗannan kalmomi na gama-gari idan babu shaida.

Dabarar da nake bi mai sauƙi ce. Duk maganar da ba ta zo da lamba ba, talla ce. Idan aka ce “an yi ta da zaren da aka sake sarrafawa”, sai ka tambaya: kashi nawa cikin ɗari? Na rigar duka, ko na shafin ciki kawai? Wa ya auna? Sau da yawa idan ka juya rigar ka karanta 'yar farar takardar da ke ɗinke a gefen ciki, za ka tarar abin da aka cika baki a kansa kashi 20 ne kacal, sauran kuwa yadin roba ne sabo fil. Wannan ƙaramar takarda ta ciki ta fi ta wuya gaskiya, domin a ƙasashe da yawa doka ce ta tilasta rubuta ta.

Idan abu ɗaya kaɗai zan duba, me zan duba?

Yawan kayan da kamfanin ke fitarwa, da saurin da yake canja su. Kamfanin da ke zuba sababbin samfura a shafinsa kowace safiya, yana tura maka saƙon ragi kowane mako, yana so ka ji rigar da ka saya watan jiya ta tsufa, wannan ribarsa tana cikin ka saya ka yar. Don ya ware wata 'yar kusurwa a shago ya shafa mata koren fenti, ko ya daina zuba kaya a leda ya koma jakar takarda, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ka lura kuma da cewa yawancin manyan kamfanoni za su ba ka rahoto mai shafi ɗari kan itatuwan da suka dasa, amma ba za su faɗa maka riga nawa suka ɗinka a shekara ba, ko nawa ne suka yi kwantai, ko ina aka kai su. A 2018 aka gano a rahoton Burberry cewa kamfanin ya ƙone kayan da ba a saya ba na sama da fam miliyan 28 a shekara guda, don kada a karya musu daraja. Sai da aka yi ca a kansa ya ce ya daina. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana lalata kayan kwantai. Kamfanin da ya iya fitowa ya ce ga adadin da muka yi, ga wanda ya rage, ga abin da muka yi da shi, ya riga ya wuce sa'o'insa da nisa.

Tambarin shaida da ake mannawa fa? Wanne ne na gaske?

Tambarin da kamfani ya zana wa kansa ba shaida ba ne, mutum ne ya ba kansa sarauta. Wanda ke da amfani shi ne na wata ƙungiya daban da ke zuwa ta bincika. Su ma kowanne da iyakar abin da yake tabbatarwa, kuma a nan ake ruɗa mutane.

GOTS shi ne mafi tsauri a fannin audugar da aka noma ba da takin zamani da maganin feshi ba. Kafin a rubuta cewa kaya na irin wannan auduga ne, sai ta kai kashi 95 na zaren. Idan tsakanin 70 da 95 ne, sai a rubuta “an yi da” ita kawai. Yana kuma duba rini, da ruwan da masana'anta ke zubarwa, da haƙƙin ma'aikata. Tambarin gaske yana zuwa da lambar lasisi da za ka iya dubawa a shafinsu. Duk da haka ba ma'asumi ba ne: a 2020 su da kansu suka sanar cewa sun gano takardun bogi a Indiya da aka fitar da kimanin tan 20,000 na auduga da su.

OEKO-TEX Standard 100 kuwa abin da yake faɗa shi ne an gwada yadin, babu sinadarin da zai cutar da fatarka ko ta jaririnka. Wannan abu ne mai kyau, amma bai ce komai ba game da kogin da ke bayan masana'antar, ko kuɗin da aka biya tela. Fairtrade ya fi karkata ga farashin da manomi ke samu. Better Cotton yana horar da manoma su rage ruwa da feshi, sai dai a tsarinsa da aka fi amfani da shi ana cakuɗa audugarsa da sauran auduga a hanya, don haka ganin sunansa ba ya nufin ita ce a jikin rigarka. Akwai kuma Cotton made in Africa, wanda wata gidauniya da ke Hambog a Jamus ta kafa a 2005 don ƙananan manoman Afirka da ke noma da ruwan sama. B Corp kamfanin yake aunawa gaba ɗaya, ba riga ɗaya ba.

Ko lamba ma akan yi wasa da ita. A 2022 hukumar masu saye ta Norwe ta ce alƙaluman Higg, wani tsarin auna illar yadi ga muhalli, da wasu kamfanoni ke nuna wa masu saye suna iya ruɗarwa, domin matsakaicin lissafi ne na duniya, ba na gonar da aka noma audugar rigar ba. Masu tsarin suka dakatar da nuna su ga jama'a.

Ashe ba auduga ce ta fi ba, tunda daga ƙasa ta fito?

Ya danganta da inda aka noma ta. Tafkin Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Yau a garin Moynak, wanda a da tashar masunta ne, jiragen ruwa ne zube a kan yashi suna tsatsa, ruwa ya ja baya da nisan kilomita masu yawa. A Uzbekistan ɗin dai an daɗe ana tilasta wa malamai da ɗalibai da ma'aikatan asibiti tsinkar auduga, har kamfanoni da dama suka ƙaurace mata, ba a janye ƙauracewar ba sai a 2022.

Amma audugar Funtuwa ko Gusau, ko ta Mali da Benin da Burkina Faso, da damina ake noma ta. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da lissafin nan da ake yawan yaɗawa cewa ƙaramar riga ɗaya tana shan lita 2,700 na ruwa. Ruwan saman da ya sauka a gonar manomi a Katsina daban, wanda aka janyo daga kogi a hamada daban, ko da litar ɗaya ce. Matsalar audugarmu ta fi yawa a maganin feshi da manomi ke fesawa ba takalmi ba safar hannu, da kuma farashin da ake saye a hannunsu.

Foliyesta kuwa roba ce, daga man fetur ake yin ta, kuma yanzu ta haura rabin duk zaren da ake samarwa a duniya. Ba ta ruɓewa, kuma duk wanki tana sakin ƙananan zarurruka da ido ba ya gani, su bi ruwa. Wadda ake cewa an sake sarrafawa, kusan dukkanta daga gorunan ruwa ake narka ta, ba daga tsofaffin riguna ba. Gora tana iya sake zama gora sau da dama, amma da zarar ta zama riga tafiyarta ta kusa ƙarewa, sai bola. Wani rahoto na Gidauniyar Ellen MacArthur a 2017 ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na kayan tufafi ne ke komawa su zama sababbin tufafi. Babban dalili shi ne gauraye: idan aka murɗa auduga da roba a zare ɗaya, raba su aiki ne ja.

Sai “yadin gora”, wato na itacen bambu. Sunan yana da daɗin ji, amma galibi biskos ne: a narka itacen da sinadarai masu ƙarfi, a ja shi ya zama zare. A 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Walmart ya biya dala miliyan 3, Kohl's dala miliyan 2.5, saboda sayar da irin wannan yadi da sunan bambu mai kare muhalli.

Akwai yadda zan gwada kaya da hannuna?

Akwai, kuma tun kafin a ƙirƙiro tambari teloli ke yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan aka kawo masa yadi aka ce auduga ce zalla, ba ya musu. Sai ya zare zare biyu-uku daga bakin yadin, ya kyasta ashana. Auduga tana ci da sauri, warinta kamar an ƙona takarda, tokarta kuma idan ka murza sai ta bi iska. Roba kuwa sai ta nannaɗe ta guje wa wutar, ta narke, ta bar wani baƙin ƙullutu mai tauri da warin leda. Sai ya ɗora ƙullutun a tafin hannun mai kayan ya ce, “Alhaji, ga audugar taka.” Biskos dai yana ci kamar auduga, wannan gwaji ba ya tona shi.

Idan ɗinkakkiya ce, juya ta ciki waje. Ja bakin ɗinki da hannu biyu a hankali: in ka hango haske ta tsakanin zaren, ba za ta yi nisa ba. Duba ko an bar rara a cikin ɗinkin yadda tela zai iya buɗawa idan jiki ya ƙaru, ko an ɗinke bakin yadin don kada ya zare, ko an haɗo maɓalli na ko-ta-kwana. Ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa. Kamfanin da ya yi niyyar ka daɗe da kaya, a cikin rigar ake ganin niyyarsa.

Ina ruwan muhalli da albashin masu ɗinki?

Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai hawa takwas, Rana Plaza, ya rufta a Sabar, kusa da Daka a Bangaladesh. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka jikkata, akasarinsu mata masu ɗinka wa kamfanonin Turai da Amurka kaya. Kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bango, shaguna da bankin da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. Bayan ruftawar sai da aka riƙa tono takardun wuyan riguna daga cikin ɓaraguzai kafin a san su wa ake ɗinka wa, domin wasu kamfanonin da kansu ba su san a nan ake musu aiki ba.

Wanda bai san inda ake ɗinka masa riga ba, ta yaya zai san inda ake zubar da ruwan rininta? Don haka ka duba ko kamfani ya wallafa sunaye da adireshin masana'antun da ke masa aiki, kuma ko jerin ya tsaya a masu ɗinki ne ko ya gangara har masaƙa da marina, inda ɓarnar ta fi yawa. In yana ɗinki a Bangaladesh ko Pakistan, duba ko ya sa hannu a yarjejeniyar tsaron gine-gine da aka soma bayan Rana Plaza, wadda ake iya kai kamfani ƙara idan ya saɓa. Idan kuma ya ce yana biyan “albashin da doka ta tanada”, ka sani mafi ƙarancin albashin da aka yanka wa masu ɗinki a Bangaladesh a ƙarshen 2023 taka 12,500 ne a wata, alhali ƙungiyoyin ma'aikata kusan ninkinsa suka nema. Ƙungiyar Fashion Revolution takan auna manyan kamfanoni kan yawan abin da suke bayyanawa, sai dai ita ma takan ja kunne cewa bayyanawa daban, gyarawa daban.

Wani kamfani ya ce ya goge duk hayaƙin da yake fitarwa. Zai yiwu?

Yawanci abin da ake nufi shi ne ya biya wani ya dasa itatuwa a wata ƙasa, hayaƙin kuwa yana nan yana fita. Mafi yawansa ma ba daga shaguna da ofisoshin kamfanin yake tashi ba, daga masaƙu da marinan da ke ƙona kwal ne. Idan lissafinsa bai haɗa da su ba, ya ƙirga kunnuwa ne ya bar jiki.

Shagunan da ke ajiye akwati a ce ka kawo tsofaffin kaya a sake sarrafawa fa?

Wannan ta shafe mu kai tsaye, domin ƙarshen akwatin a wajenmu yake. A 2023 ƙungiyar Changing Markets ta ɓoye na'urar bin sawu a cikin tufafi 21 masu kyau, ta zuba su a irin waɗannan akwatuna a Turai. Goma sha shida an lalata su, ko an jibge su a sito, ko an turo su Afirka. Ɗaya har Mali ta kai. Galibi kuma idan ka kai tsohon kaya, takardar ragi ake ba ka don ka sayi sabo.

A kasuwar Kantamanto da ke Akara, babban birnin Ghana, inda ake kiran gwanjo “obroni wawu”, wato kayan Baturen da ya mutu, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari a shara suke ƙarewa. Mai saye yana biyan kuɗin dila ne ido rufe, sai ya yanke igiya ya ga rabonsa. Da kayan suka koma na sa-ka-yar, dila ta lalace, asarar ta faɗa kan ƙaramin ɗan kasuwa, sharar ta toshe magudanan ruwa ta kwanta a bakin teku. A farkon Janairun 2025 kuma gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar.

To ke nan gwanjo abu ne mai kyau ko marar kyau?

Ga mai saye, sa rigar da ta riga ta wanzu ya fi sayen sabuwa, ko wane tambari aka manna mata. Masu gwanjo da telolin da ke rage wando, su canja zif, su juya wuyan riga, sun fi yawancin kamfanonin da ke cika baki aikin ɗorewa, ba tare da sun taɓa kiran kalmar ba. Laifin yana can inda ake ɗinka abin da ya fi ƙarfin masu sawa.

Kayanmu na gida fa, ai su ba ruwansu da wannan?

Wasu haka ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka ake haɗa rininta a karofi, a bar shi ya yi kwanaki yana tsima. Saƙin hannu na gwado da farin saƙi ba ya buƙatar wutar lantarki. Kuma al'adarmu ta kai yadi wurin tela a auna ka tana da wani alheri da Turawa yanzu suke nema da kuɗi: ba a ɗinka sai an san mai sawa, babu kwantai. Babbar riga ta kirki har gado ake ci.

Amma kada mu yaudari kanmu. Yawancin rinin da ake yi yau a unguwanni na sinadari ne, da soda, a gama a tuttular a kwata, marini kuma hannunsa tsirara. An daɗe ana kuka da ruwan masana'antun Sharaɗa da Chalawa da ke gangarawa kogi. Kuma abin da muke kira namu sau da yawa ba a nan aka yi shi ba. Tun da masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka faro a 1957, suka durƙushe, atamfar da ta cika Kantin Kwari akasarinta daga Sin take, Holan ɗin asali daga garin Helmond, shaddar Getzner daga Ostiriya. Sai kuma anko, wanda ni a ganina shi ne namu sa-ka-yar ɗin: a fitar da yadi don biki ɗaya, a ɗinka, a ɗauki hoto, ya shige ƙasan akwati. Na san gidan da aka yi anko biyar a wata uku.

Tsada tana nuna inganci?

Araha ta fitar hankali tana nuna wani ya biya a madadinka, manomi ko tela ko kogi. Tsada kuwa ba ta nuna komai. Na taɓa sayen wata riga ta intanet, da koren ganyenta da dogon bayaninta, kuɗinta ya ninka na kasuwa uku. Wanki na uku ɗinkin gefe ya karkace ya dawo gaban ciki. Lissafin da ya fi shi ne ka raba kuɗin da yawan sawa. Rigar naira 8,000 da ta mutu a sawa huɗu, kowace sawa 2,000 ta ci. Ta naira 30,000 da aka sa sau ɗari, 300.

Malam, ni saro kaya nake ina sayarwa, kuma masu saye sun fara tambayata. Me zan tambayi wanda nake saro wa?

Hajiya, ki fara da abin da zai iya nuna miki a rubuce. Ya faɗa miki zaren da ke cikin yadin kashi-kashi, ki kuma gwada da ashana idan samfur ya iso. Ya faɗi ƙasar da aka saƙa da wadda aka rina, ba wadda aka ɗinka kaɗai ba. Idan ya ce yana da GOTS ko OEKO-TEX, ki karɓi lambar, ki shiga shafinsu ki duba sunan wa ke kanta da ranar da za ta ƙare, domin ana yawan aron takardar wani. Ki wanke samfur ɗaya sau biyar kafin ki yi oda mai yawa, ki auna tsawonsa kafin wanki da bayansa, ki ga ko ruwan wankin ya canja launi. Abin da kika tabbatar shi za ki faɗa wa masu sayenki. Idan auduga ce kashi 60, ki ce kashi 60 ce.